Binciken Zaurukan Intanet: Yadda Za Ka Tattara Bayanai Ba Ka Tona Asirin Kowa Ba

Abin da a da sai an bi gida-gida da takardar tambayoyi kafin a samu, yanzu yana zube a waya. Akwai zauren WhatsApp na iyayen yara masu sikila, akwai guruf ɗin Facebook inda matan aure ke turo damuwarsu a ba su shawara, akwai na marubutan littattafan onlayin da makarantansu, na 'yan kirifto a Telegram, na matasan jam'iyya a kowace mazaɓa. Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri, ko ma'aikacin ƙungiya mai haɗa rahoto, zai iya kwashe hirar shekara guda cikin minti biyar. Waɗanda suka yi hirar kuwa da junansu suka yi ta, suna zaton iyakarta ke nan. Idan ta fita ta faɗa hannun miji, ko shugaban wurin aiki, ko jami'an tsaro, ko fusatattun mutane, su za su ɗanɗana kuɗarsu, mai binciken yana can ya karɓi shahadarsa.

Saboda haka tambaya ɗaya ce za ta bi ka daga farkon aikin zuwa ƙarshensa: in aka bi sawun wannan magana har aka gano mai ita, me zai same shi? Duk matakan da ke tafe daga amsarta suke fitowa.

"Ai a fili yake" ba hujja ba ce

A 2008 wasu masu bincike a Amurka sun fitar da bayanan Facebook na ɗalibai kusan 1,700 'yan aji ɗaya, bayan sun cire sunayensu da sunan makarantar. Cikin 'yan kwanaki aka gano Jami'ar Harvard ce, domin takardar bayanin da suka haɗa da kundin ta lissafa kwasa-kwasan ɗaliban da wuraren da suka fito, kuma akwai ƙasashen da mutum ɗaya tak ya fito daga cikinsu. Dole aka janye kundin. A 2016 wasu 'yan Denmark suka kwashi bayanan mutum kusan 70,000 daga dandalin neman masoyi na OkCupid, har da sunayen da suke amfani da su da amsoshinsu kan addini, siyasa da al'amuran kwanciya, suka ɗora a intanet. Da aka yi musu ca, sai suka ce bayanan dama a fili suke.

Farfesa Helen Nissenbaum ta warware wannan ruɗani tun 2004: kowane bayani yana tafe da ƙa'idar wurin da aka faɗe shi. Mace ta faɗa wa 'yan uwanta mata ɗari uku cewa tana shan maganin tsarin iyali mijinta bai sani ba. Mutum ɗari uku sun ji, amma wannan bai mayar da maganar ta kowa ba. Wanda ya ɗauke ta ya sa a kundin da za a ajiye a laburare ya canza mata wuri, kuma canza wurin shi ne cutarwar.

Kafin ka kwafi ko layi ɗaya, ka auna zauren. Ta yaya ake shiga? Wanda kowa zai iya karantawa ba tare da rajista ba daban, wanda sai admin ya amince ko sai an turo maka mahaɗi daban. Mutum nawa ne a ciki? Zauren WhatsApp ba ya wuce mutum 1,024 kuma mutanensa kan san juna, na Telegram kuwa yana iya kai 200,000. Me ake tattaunawa? Farashin taki da cutar HIV nauyinsu ba ɗaya ba ne. Su waye ke magana? Gwamnan da ya wallafa sanarwa a shafinsa na X ya yi ne don duniya ta ji, ka ambace shi da sunansa. Matashin da ke da mabiya arba'in ya yi tsokaci a ƙarƙashin sanarwar bai taɓa kawowa a ransa zai shiga mujallar ilimi ba. Binciken da Casey Fiesler da Nicholas Proferes suka fitar a 2018 ya nuna mafi yawan masu Twitter (wato X a yanzu) da aka tambaya ba su ma san masu bincike na amfani da rubutunsu ba, kuma mafi yawansu suna ganin ya kamata a tambaye su.

Idan zauren rufaffe ne, ko maganar mai nauyi ce, ko akwai yara da masu rauni a ciki, ɗaya daga cikin ukun nan ya isa ya wajabta maka neman izini. Inda za a iya sassautawa shi ne nazarin dubban rubuce-rubuce na fili a dunƙule, wanda ƙidaya kawai za ka fitar ba kalaman mutum ɗaya ba.

Kwamiti da doka

Ka kai tsarin bincikenka gaban kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka ko asibitin koyarwa kafin ka fara. Wanda ya gama tattara bayanai sannan ya je neman takardar amincewa ya makara, kuma manyan mujallu kan ƙi karɓar aikinsa. A Najeriya, binciken da ya shafi lafiya yana ƙarƙashin ƙa'idojin kwamitin ƙasa na NHREC, waɗanda aka fitar a 2007. Amma kada ka ɗauka sa hannun kwamiti ya gama maka komai. Kwamitoci da yawa sun fi sabawa da gwajin magani da rabon takardar tambayoyi, suna iya cewa aikinka bai shafi mutane ba tunda rubutu kawai za ka karanta. Jagororin da ƙungiyar masu binciken intanet ta AoIR ta fitar a 2002, 2012 da 2019 sun fi dacewa da irin wannan aiki, kuma kyauta ne.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita, ta ware wasu bayanai a matsayin masu buƙatar kulawa ta musamman: lafiya, addini, ƙabila, ra'ayin siyasa, rayuwar kwanciya. Ta ce wanda bai kai shekara 18 ba sai da yardar iyaye ko waliyyi. Ta kuma ce idan bayanai suka zube ta yadda za su iya cutar da masu su, a sanar da hukumar cikin sa'a 72. Nijar tana da hukumarta ta HAPDP, Ghana tana da dokarta ta 2012, kuma idan kana aiki da jami'ar Turai dokar kare bayanai ta GDPR, wadda ta fara aiki a 2018, za ta hau kanka. Zaurukan Hausawa ba su san kan iyaka ba, guruf ɗaya kan haɗa mutumin Kano da na Maraɗi da na Kumasi, don haka ka yi aiki da dokar da ta fi tsanani.

Yi sallama

Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan da ba naka ba sai ka nemi izini ka yi sallama, kuma ladabin shiga rufaffen zaure bai wuce wannan ba. Fara da admin. Faɗa masa ko kai waye, makarantarka, malamin da ke duba aikinka, abin da kake nema, abin da za ka kwafa, tsawon lokacin da za ka zauna, da inda sakamakon zai je. In ya ƙi, an gama. Kada ka koma ta hannun abokinka da ke ciki ya riƙa turo maka hirar a ɓoye.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ɗaukar yardar admin a matsayin yardar kowa. Admin ya buɗe maka ƙofa ne kawai, ba shi da ikon ba ka maganar wani. Bayan ya amince, ka sa sanarwa a zauren da sunanka na gaskiya, da Hausar da kowa zai gane, misali:

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Sunana wane, ɗalibi ne ni a sashe kaza na jami'a kaza. Ina nazari a kan yadda iyayen yara masu sikila ke taimakon juna. Da izinin admin, ina so in riƙa karanta abin da ake tattaunawa a nan daga ranar kaza zuwa ranar kaza. Ba zan ambaci sunan kowa ko lambarsa ko sunan zauren ba, kuma ba zan ɗauki maganar kowa kai tsaye ba sai na tambaye shi. Wanda bai so a sa nasa a ciki ya yi mini magana a keɓe, ba sai ya faɗi dalili ba. Ga lambar malamina ga mai ƙorafi."

Ka maimaita ta da saƙon murya, domin a zaurukanmu akwai da yawa da ba sa karanta dogon rubutun boko. Ka jira mako ɗaya zuwa biyu kafin ka fara, saboda wasu sai sun samu data suke leƙowa. Ka roƙi admin ya maƙala sanarwar a sama, ka kuma sake ta duk wata saboda sababbin shiga. Idan mutane da dama suka nuna rashin jin daɗi, ko ka ga hira ta mutu tun da ka yi magana, ka fita. Zauren da marasa lafiya ke samun sauƙin zuciya a cikinsa ya fi kundinka daraja.

Sanarwa da damar ficewa ta isa ga karatun hira a zaure mai matsakaicin nauyi. Ga magana mai nauyi, ko hira da mutum ɗaya, ko ɗauko kalamansa, sai ya ce ya yarda da bakinsa. Shiru ba yarda ba ne. Yardar na iya zuwa a rubuce ko da saƙon murya, ka ajiye ta da kwanan wata. Tsohuwar hirar da aka yi kafin ka yi sallama kuwa, an yi ta ne ba da saninka ba, don haka izininta daban ne.

Akwai abubuwa uku da suka keɓanta da yanayinmu. Waya ɗaya kan zama ta mutum biyu ko uku, mata da yawa da wayar miji ko ta ɗa suke shiga. Saƙon da ka tura a keɓe kana cewa "game da abin da kika faɗa kan aurenki" zai iya faɗawa idon wanda ake maganar a kansa. Saƙon farko ya zama na gaisuwa kawai, ka tambaya ko wayar tata ce ita kaɗai da lokacin da ya dace. Na biyu, shekaru: 'yan mata 'yan shekara goma sha biyar sun cika zaurukan littattafai, kuma ba a gane su daga rubutu. Ka tambaya kafin hira. Na uku, ihsani: sa wa mutum katin waya ko data a madadin wadda ya ƙona wajen hira da kai adalci ne, amma kuɗin da zai sa mai buƙata ya faɗi abin da ba ya so ya faɗa ya zama tilastawa.

Kada ka yi mamaki in aka tarbe ka da zargi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 suka shiga, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ake yi ba. Shari'a ta ja har zuwa sasantawar 2009. Kalmar bincike tana da tarihi a nan, kuma mai tambayarka wa ya aiko ka yana da hakkin jin amsa cikakkiya.

Shigar burtu da gwaji a kan mutane

Namijin da ya buɗe asusu da sunan mace da hoton mace don ya shiga zauren mata zalla ya yi yaudara, ko me ya sa wa aikin suna. Haka wanda ya yi ƙaryar yana da cutar da 'yan zauren ke fama da ita. Ranar da asirinsa ya tonu, matan za su fara zargin juna, wasu su fice, admin ta rufe ƙofa ga duk mai binciken da zai zo bayansa.

Wanda ya fi wannan muni shi ne jefa magana don a ga yadda za su yi. A Janairun 2012 Facebook ya canza abin da mutum 689,003 ke gani a shafinsu na tsawon mako guda, wasu aka rage musu labaran daɗi, wasu na baƙin ciki, don a ga ko yanayinsu zai sauya. Ba a tambayi kowa ba. Da aka buga sakamakon a 2014, mujallar da kanta ta fito ta nuna damuwa. A 2021 masu kula da manhajar Linux suka haramta wa Jami'ar Minnesota gaba ɗaya turo gudummawa, bayan wasu masu bincikenta sun turo gyare-gyare masu aibi da gangan don gwada ko za a gane. A Afrilun 2025 aka gano wasu daga Jami'ar Zurich sun shafe watanni suna zuba martanin da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta a wani zauren muhawara na Reddit, wasu asusun suna iƙirarin an taɓa yi musu fyaɗe, don a auna ko za su sauya ra'ayin mutane. A ƙarshe aikin bai kai ga bugawa ba.

Ka ɗauki irin wannan ka kawo shi gida: mai nazarin labaran ƙarya ya ƙirƙiri jita-jita kan allurar rigakafi ko rikicin ƙabila ya saki a zaure don ya ga nisan da za ta yi. Ba shi da hanyar janye ta bayan an tura ta zaure hamsin.

Akwai inda ake yarda da bincike a ɓoye, kamar nazarin tashoshin masu tsattsauran ra'ayi ko 'yan damfara, inda bayyana kai haɗari ne. Sharuɗɗansa: kwamiti ya amince a rubuce, babu wata hanyar samun amsar, kallo kawai za ka yi ba za ka sa baki ba, kuma kana riƙe da takardar makaranta da ke bayyana aikinka, domin samun irin waɗannan bidiyoyi a wayarka zai iya jefa ka hannun jami'an tsaro.

Kwashewa da adanawa

Ɗauki abin da tambayar bincikenka ke buƙata kawai. In kana nazarin irin shawarwarin da ake bayarwa, ba ka buƙatar lambar waya, hoton fuska ko jerin mambobi.

WhatsApp yana ba da damar fitar da hira a matsayin fayil na rubutu, har saƙo 40,000 in ba hotuna, 10,000 in da su. Kowane layi na ɗauke da rana, lokaci, da lambar mai magana ko sunan da ka ajiye shi da shi. Lambar waya a Najeriya tamkar katin shaida ce: tun ƙarshen 2020 ake haɗa layi da lambar NIN, Truecaller kan nuna suna, kuma a OPay da PalmPay lambar wayar ita ce lambar asusu, da ka buga ta cikakken sunan mutum zai fito. Don haka a ranar da ka fitar da fayil ɗin, ka maye kowace lamba da wata alama da ka zaɓa ba bisa tsari ba, kamar M014 ko M233. Jadawalin da ya haɗa alamar da lambar gaskiya ka ajiye shi a wani wuri daban. Ka cire saƙonnin waɗanda suka ce ba su yarda ba, tare da wuraren da wasu suka kwafo maganarsu wajen ba su amsa. Sannan ka bi cikin rubutun da idonka, domin mutane kan kira juna da suna, "Maman wane", su ambaci unguwa, asibiti, makarantar yara, lambar asusun banki lokacin karo-karo.

Masu ilimin kwamfuta kan dagula lambobin da dabarar hash su ɗauka sun ɓace. Ba su ɓace ba. Lambobin wayar Najeriya masu alƙaluma goma sha ɗaya ne, suna farawa da 070, 080, 081, 090 ko 091, wato duka-duka kimanin miliyan 500, kuma kwamfutar hannu za ta iya gwada su kaf ta gano wace ce wace.

Ka ajiye fayilolin a kwamfuta mai kalmar sirri, cikin ma'ajiya rufaffiya irin ta VeraCrypt, wadda kyauta ce. Kada su zauna a wayar da kake yawo da ita, wadda za a iya sacewa ko a bincika a shingen hanya. Kada ka tura wa malaminka ɗanyen fayil ta WhatsApp ko imel. Kada ka zuba hirar mutane a manhajar fassara ko ta ƙirƙirarriyar basira kafin ka tsaftace ta, domin yin haka miƙa ta ne ga wani kamfani da ba ka ambata a sanarwarka ba. Wanda zai taya ka juya saƙon murya zuwa rubutu ya sa hannu kan riƙe sirri, kuma kada ya zama ɗan garin masu maganar, don yana iya gane murya.

Ɗauko magana a cikin rubutunka

A nan ne aikin da aka yi da kyau yakan lalace. A 2018 John Ayers da abokan aikinsa suka duba maƙalolin lafiya da aka rubuta da bayanan Twitter. Kashi 72 cikin ɗari sun kwafo aƙalla rubutu ɗaya kai tsaye, kuma a kashi 84 cikin ɗari na waɗannan, sanya kalaman a wurin nema ya kai ga mai su. Cire suna bai hana komai ba muddin kalaman suna nan yadda suke.

Rubutun Hausa a intanet ya fi saurin tona mai shi. Wani da "x" yake rubuta "z", wani yana haɗe kalmomi, wani yana da addu'ar da yake rufe kowace magana da ita, wani Sakkwatanci ko Damagaranci ke fitowa a rubutunsa. 'Yan zaure sun san salon juna. Ko duniya ba ta gane ba, kishiya ko maƙwabciyar da ke cikin zauren za ta gane daga layi ɗaya.

Hanya mafi tsafta ita ce ka koma wurin mai maganar, ka nuna masa daidai abin da za ka sa da abin da za ka faɗa a kansa, ya zaɓa: da sunansa, da sunan aro, ko a bari. Marubutan onlayin da mawaƙa sau da yawa sunansu suke so a gani, ɓoye shi tauye musu hakki ne, shi ya sa tambaya ta fi zato. In komawa ba ta yiwu ba, ka sake faɗin maganar da kalmominka, ka daidaita rubutun, ka canza abin da ba ya taɓa ma'ana, kamar yawan 'ya'ya ko sana'ar miji. Annette Markham ta kare wata hanya a 2012, ta haɗa maganganun mutane da yawa masu kama da juna a fitar da misali ɗaya. Halas ce muddin ka faɗa a babin hanyoyin bincike cewa haka ka yi. Bayan ka gama, ka kwafi kowace magana ka nema a Google da cikin dandalin kansa. In ta fito, ka sake gyarawa.

Fassara zuwa Turanci ko Faransanci tana ba da kariya, amma ɗalibai kan rushe ta ta hanyar jera asalin Hausar a rataye don gamsar da masu jarrabawa. Ka nuna wa mai jarrabawa asalin a zaune, kada ya shiga kundin da za a ɗaure.

Hoton allo ka guje shi. Ko ka shafe suna, akwai ƙaramin hoton fuska, lokaci, sunan zaure a sama, da saƙon wani a ƙasa. Dusashewar da manhajojin waya ke yi sau da yawa ana iya karanta abin da ke ƙarƙashinta. Sake buga rubutun ya fi. Saƙon murya kuwa kada ka kunna shi a taro ko ranar kare kundi. A Mayun 2022 an kashe wata ɗaliba a Sakkwato a kan saƙon muryar da ta tura zauren WhatsApp na ajinsu, kuma a Agustan 2020 wata kotu a Kano ta yanke wa mawaƙi Yahaya Sharif-Aminu hukuncin kisa a kan waƙar da ta yaɗu ta WhatsApp. Duk maganar da ta taɓa addini, ko zargin luwaɗi da maɗigo, ko sukar masu mulki, ka ɗauka fitarta na iya kai mai ita kurkuku ko kabari, ka bar ta a dunƙule ba tare da kalaman kowa ba.

Sunan zauren ma ka ɓoye. "Wani zauren mata masu juna biyu a arewa maso yamma, mai mambobi tsakanin 500 da 1,000" ya wadatar. Ka kula da haɗuwar ƙananan bayanai. Latanya Sweeney ta nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa ana iya ware su da abu uku kacal: lambar yankin gidan waya, jinsi, da ranar haihuwa. A wurinmu, "malamar jinya, bazawara, mai 'ya'ya huɗu a ƙaramar hukuma kaza" mutum ɗaya ce. A jadawali, duk rukunin da bai kai mutum biyar ba ka haɗe shi da na kusa.

Abin da za ka iya cin karo da shi

Wata rana wani zai rubuta cewa ya gaji da rayuwa zai kashe kansa, ko a ba da labarin yaron da ake cin zarafinsa. Ka tsara abin da za ka yi tun kafin ka shiga, kai da malaminka da kwamiti: wa za a sanar, wace lambar likita ko ofishin jin daɗin jama'a ke hannunka. Yawanci matakin farko shi ne sanar da admin a keɓe nan take. Shi ya sa bai kamata ka yi alkawarin sirri marar iyaka ba. Ka faɗa tun farko cewa in rai na cikin haɗari za ka yi magana, kuma kotu na iya tilasta maka miƙa abin da ke hannunka. Abin da ba ka ajiye ba, ba mai iya karɓarsa.

Kai ma ka kiyaye kanka. Yi amfani da layi na musamman don aikin, amma da sunanka na gaskiya. Masu tantance kalaman ƙiyayya ko bidiyon kashe-kashe su taƙaita sa'o'in kallo a rana, su kashe sauti inda ba a buƙatarsa, kuma a ba su damar tsayawa.

Bayan an gama

Ka sa ranar da mutum zai iya janye maganarsa kafin ta, ka faɗe ta a sanarwa. Wanda ya goge rubutunsa daga dandali kafin ka buga, ka ɗauka ya janye. In za ka raba kundin bayanai na X da wasu masu bincike, lambobin shaidar rubuce-rubucen ake rabawa ba rubutun ba, ta yadda abin da mai shi ya goge ba zai dawo ba. Hirar rufaffen zaure kuwa ba a ɗora ta a ma'ajiyar jama'a, ko mujalla ta nema. Ka bayyana musu dalili, suna karɓa.

Ka koma zauren da taƙaitaccen sakamako cikin Hausa, shafi ɗaya da saƙon murya na minti uku, kafin a buga in zai yiwu, domin su ne za su fi saurin ganin inda ka fahimce su a karkace ko inda wani ya fito fili. Sannan ka yi sallama ka fita a ranar da ka ce.

Jadawalin lambobi da ɗanyen fayil ka goge su da zarar an kammala jarrabawa ko bugawa, tsaftataccen kuma ka riƙe shi iya shekarun da makarantarka ta ƙayyade. Gogewar ta haɗa da kwafin da WhatsApp ke ajiyewa a Google Drive ko iCloud, babban fayil na hotunan da wayarka ta sauke da kanta, akwatin imel na abin da ka aika, filashi, da kwandon sharar kwamfuta. Ka tuna da shagon buga takardu na bakin makaranta: kundin da aka buga yakan zauna a kwamfutarsu shekaru, wasu har sayar wa ɗaliban baya suke yi. Ka kai musu kwafin ƙarshe kawai a matsayin PDF, ka tsaya a buga a gabanka, a goge a gabanka.